Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Bukatar Masu Gano Guba Daga Cikin 'Ya'yanmu

Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da dattawan ikkilisiyoyin karkara na arewacin Jihar Kano

Wurin karatu: 2 Sarakuna 2:19-22, 4:38-41, Ezekiyel 33:1-6

GABATARWA

  Na san waɗansunku sun baro gida tun da asuba daga wajajen Bichi, da Tsanyawa, da Kunchi, da Bagwai, da Ɗambatta. Allah ya sāka muku da alheri.

Kwamitin shirya taro ya ce in yi magana a kan karatun 'ya'yanmu. Maganar tana da faɗi, saboda haka na zaɓi fanni ɗaya, wanda ban taɓa jin wani uba a cikinmu ya roƙa wa ɗansa ba. Kullum muna roƙon Allah ya ba mu likita, da nas, da lauya, da soja, da fasto. Duk suna da kyau. Amma yau ina so mu ƙara mutum ɗaya a cikin addu'armu, wato masanin kimiyyar sinadarai, wanda aikinsa shi ne gano guba a cikin ruwa, da ƙasa, da abinci, ya kuma koyar da na baya.

Bari in gaya muku abin da ya kawo ni ga wannan tunani. A wata ikkilisiya da na yi hidima, rijiya ɗaya muke sha da maƙwabtanmu Musulmi. Wata damina yara suka dinga ciwon ciki da gudawa, jarirai biyu suka rasu cikin wata guda. Kafin mu ankara magana ta fara yawo a ƙasa-ƙasa, wai wata tsohuwa gwauruwa, mamba a cikinmu, ita ce take kama kurwar yaran. Mata suka daina zama kusa da ita a sujada. Wani dattijo ya ba da shawara a kai ruwan birni a auna. Na ɗura a wata jarka da na samu a gida, na hau mota. Da na isa ɗakin gwaji, ma'aikacin ya buɗe jarkar ya shinshina, ya ce, "Fasto, ka taɓa zuba kananzir a nan ko? Ai jarkarka za mu auna, ba rijiyarku ba." Ya ba ni kwalbarsu mai tsabta, ya nuna mini yadda zan ɗebo in dawo da ita a ranar.

Da sakamako ya fito, takarda ce cike da lambobi. Na tara dattawa, har da malamin firamare, muka juya ta gaba da baya, ba wanda ya iya karantawa. Sai da na sake komawa birni aka fassara mini: ruwan masai ne yake tsiyaya cikin rijiyar, gama an haƙa sabon masai 'yan taku kaɗan daga bakinta. Aka cike masan, aka yashe rijiya, aka zuba magani, ciwo ya tsaya. Amma tsohuwar nan har ta koma ga Ubangiji ba ta ƙara sakin jiki da mu ba. Ni ma ina da laifi, domin na yi shiru a makonnin farko. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Gaskiya ne. Amma idan babu mai iya gano dalilin, sai mu ɗora wa marar laifi.

1. ABIN DA MAGANAR ALLAH TA NUNA MANA

A karatunmu na farko, mutanen Yariko sun kai wa annabi Elisha kuka. Garinsu wurin zama ne mai daɗi, amma ruwansu ya lalace, ƙasarsu kuma ba ta yin albarka. Ku lura da abin da Elisha ya yi. Bai tambayi wace ce mayya a garin ba. Ya sa aka kawo masa gishiri a sabon kwano, ya taka da ƙafarsa har idon ruwan, inda matsalar ta samo asali. Warkarwar ta Ubangiji ce, amma bawan Allah ya je tushen abin.

A karatu na biyu ana yunwa a Gilgal. Ɗaya daga cikin almajiran annabawa ya shiga jeji neman kayan miya, ya tsinko 'ya'yan wata yaɗo da bai san ta ba, ya yayyanka a tukunya. Wannan mutum ɗan'uwa ne mai son taimako, amma rashin saninsa ya kusa hallaka su duka. 'Yan'uwa, yawancin gubar da take shiga gidajenmu haka take shiga, ta hannun mai ƙaunarmu wanda bai sani ba.

A karatu na uku Ubangiji ya ba Ezekiyel misalin mai tsaron gari. Mutanen ƙasar ne da kansu suke zaɓar mutum daga cikinsu su sa shi tsaro. Idan ya hango takobi ya busa ƙaho, ya fita hakkinsu. Idan ya yi shiru, alhakin jininsu yana wuyansa. Ma'anar farko ta ruhaniya ce, mu masu wa'azi take wa gargaɗi. Amma an gina misalin a kan abin da kowa ya sani: gari mai hankali yakan ajiye mai hango masa haɗari. A zamaninmu akwai takobin da ido ba ya gani, sai an auna.

2. DARASIN ZAMFARA

A farkon shekara ta 2010, a waɗansu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, agwagi suka fara mutuwa, ba wanda ya kula. Daga nan sai yara ƙanana: amai, ciwon ciki, jijjiga, suma, sai mutuwa. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani, bai yi aiki ba. A watan Maris likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan mace-macen. Sai da aka aika da jinin yara ɗakin gwaji a Turai aka san sunan abin da yake kashe su: gubar dalma.

Daga ina ta fito? Mutanen suna haƙar zinariya, dutsen da zinariyar take ciki kuwa cike yake da dalma. Suna kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji irin na niƙan hatsi. Ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida inda yara suke rarrafe suna sa hannu a baki. Iyayen nan abinci suke nema wa 'ya'yansu, kamar almajirin nan na Gilgal.

Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu a wannan shekara ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara ɗaya, wato ɗaya cikin huɗu. Gaba ɗaya yara fiye da 400 suka mutu, da yawa daga waɗanda suka rayu kuma gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. A waɗansu wurare an tarar kashi ɗaya cikin goma na ƙasar da aka auna dalma ce. Dole aka kankare ƙasar gidaje aka binne, aka zubo sabuwa, domin ba amfani a yi wa yaro magani ya koma cikin ƙurar da ta kwantar da shi. Garin Bagega sai a 2013 aka share shi. A 2015 kuma irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu.

Ga darasin: likita yana nan, magani yana nan, amma hannun likita a ɗaure yake har sai mai awo ya faɗi sunan gubar. Kowane mako da aka yi ana jiran amsa daga ƙetare, kaburbura ne aka ƙara haƙawa.

3. ABIN DA YAKE ƘOFAR GIDANMU

Wani zai ce, "Fasto, ai mu ba ma haƙar zinariya." To, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Bari mu duba abubuwa biyar da suke tare da mu.

Na farko, ruwan birni. Kogin Jakara yana ɗauko dattin cikin birnin Kano, rafin Getsi kuma yana ɗauko ruwan masana'antun Bompai, su haɗu su gangara madatsar ruwa ta Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir. Kakanninmu da bagaruwa suke jima, amma jimar zamani da gishirin wani ƙarfe ake yi mai suna kuromiyam. Da wannan ruwa ake ban-ruwan latas, da kabeji, da alayyafo, ana kuma kama kifi a ciki. Malamai da ɗaliban Jami'ar Bayero sun daɗe suna auna ruwan Jakara da kayan lambun bakinsa, sun kuma sha samun ƙarafa masu guba a ciki.

Na biyu, takin bola. Ƙasarmu ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona ba ta hutawa. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi shekaru yana nazarin yadda manoman kewayen Kano suke noma gona ɗaya kowace shekara ba ta mutu ba. Asirin shi ne taki: kashin dabbobi, da toka, da sharar birni da ake ɗaukowa a kan jakuna. Amma sharar da toka ce da ɓawo da kashin awaki. Ta yau akwai fasassun batura, da leda, da gwangwanin fenti, da tarkacen wayoyi. Ƙarfe irin dalma ba ya ruɓewa. Idan ya shiga gona, jikokinmu za su gāje shi.

Na uku, maganin ƙwari. Dukanmu mun san masu zuba fiya-fiya a buhun wake don kada ƙwari su ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da aka tarar a jikinsa. Su sun auna, sun ƙi. Mu da ba mu auna ba, mun dafa wa 'ya'yanmu. Ku kuma tuna da jarkokin maganin feshi da ake wankewa a zuba ruwan sha ko man gyaɗa, da samarin da suke feshi a gonakin rani na Watari da Tomas babu takalmi, babu abin rufe hanci.

Na huɗu, fumfuna. Gyaɗa ko masarar da ba ta bushe sosai ba takan yi fumfuna mai haifar da gubar da ake kira afalatoksin. Dahuwa ba ta kashe ta. Tana lalata hanta, tana kuma tsumburar da yara. A ƙasar Kenya, a 2004, mutum 125 suka mutu bayan sun ci masara mai wannan guba. Mu kuwa mukan tsince mai kyau mu kai Dawanau, mu bar ruɓaɓɓiyar a gida a yi ƙuli-ƙuli da ita.

Na biyar, iyayenmu mata ku yi haƙuri da ni: kwalli. Kwallin dutse da ake sa wa jarirai, dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan iyayen Nijeriya a birnin Boston da aka tarar da dalma a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce.

Amma akwai labari mai daɗi. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka tare da takwarorinsu na Afirka, har da na Maraɗi, sun fito da buhu mai ninki uku wanda ake kira PICS, da yake kashe ƙwarin wake ta hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da take Ibadan kuma ta fito da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona don rage gubar fumfuna. Bincike ne ya gano cutar, bincike ne kuma ya kawo sauƙi.

4. WANE IRIN AIKI NE WANNAN?

Aikin mai gano guba aikin awo ne, amma awon abin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalma a ruwan sha ta wuce giram ɗaya cikin lita 100,000. Ku ɗauki dunƙulen magi ku raba huɗu, ku jefa kashi ɗaya cikin duro 500 na ruwa, iyakar ke nan. Harshe ba ya jin wannan, ido ba ya gani, ruwan zai iya zama garai-garai.

To, yaya ake ganowa? Akwai na'urar da suke kira AAS. Ana narkar da ƙasa ko ganye da ruwan asid, a fesa cikin harshen wuta, a haska fitila ta ratsa. Kowane ƙarfe yana da irin hasken da yake shanyewa, da haka ake sanin ko wane ne da kuma yawansa. Akwai ta hannu mai suna XRF, wadda ake ɗorawa a kan ƙasa ta ba da amsa nan take. Da irinta aka bi gidajen Zamfara. A Zariya akwai cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tun 2004 take da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ake gano ƙarafa da ita, akwai kuma cibiyar binciken sinadarai ta ƙasa, NARICT, a Basawa.

Amma na'ura ba ta zuwa bakin rijiya da kanta. Mutum ne zai san inda zai ɗebo, da lokacin da zai ɗebo, da irin tambayar da zai yi wa matan gida. A nan ne ɗanmu ya fi baƙo. Ya san wace rijiya ake sha da rani, ya san inda ake wanke tankin feshi, zai kuma iya zama a kan tabarma ya fassara wa dattawa takardar nan da ta gagare mu, da Hausar da za su gane.

5. HANYAR DA AKE BI

Iyaye, ga matakan, domin ku san abin da kuke sa wa hannu.

Tushen yana sakandare. Yaro yana bukatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, har da Turanci, da lissafi, da kemistiri, da fiziks, da bayoloji. Jiharmu ba baƙuwar wannan ba ce. Tun 1977 aka buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, sun kuma yaye likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a masu yawa. Daga nan sai jarrabawar JAMB, sai digiri na farko na shekara huɗu a fannin kemistiri, a Jami'ar Bayero, ko Ahmadu Bello, ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, sai bautar ƙasa.

Wanda ya fita da sakamako mai kyau, jami'a takan iya riƙe shi a matsayin mataimakin malami, yana koyarwa yana karatun digiri na biyu. Bayan wannan sai digiri na uku, wanda ake kiran mai shi dakta. Daga nan yana hawa mataki-mataki, daga lakcara zuwa babban lakcara har zuwa farfesa, kowane hawa kuwa sai ya nuna binciken da ya yi ya wallafa, wanda waɗansu masana suka duba suka amince. Daga shiga jami'a zuwa digiri na uku, a sa ran shekara goma ko fiye. Hukumar TETFund tana taimaka wa malaman manyan makarantun gwamnati da kuɗin ƙarin karatu da na bincike.

Ba kowa ne zai kai farfesa ba, ba kuwa dole ba ne. Akwai kwas na fasahar ɗakin gwaji a kwalejin kimiyya da fasaha. Akwai takardar NCE a kwalejin ilimi, irin ta Bichi, domin koyar da kimiyya. Akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta. Akwai aiki a hukumar NAFDAC, da NESREA mai kula da dokokin muhalli, da hukumomin ruwa, da kamfanonin abinci. Kada kuma mu raina malamin sakandare. Babu farfesan da ba a hannunsa ya fara ba.

Ga misalin inda hanyar take iya kaiwa. Farfesa Jerome Nriagu ɗan Nijeriya ne, ya yi digiri na farko a Jami'ar Ibadan, na uku a Toronto ta ƙasar Kanada, ya zama farfesa a Jami'ar Michigan ta Amurka, yana kuma cikin sanannun masanan gubar ƙarafa a duniya. Bai manta da gida ba. A 1997 shi da abokan aikinsa sun wallafa bincike a kan dalma a jinin yaran Kaduna. Ko ɗalibi ma yana iya busa ƙaho. A 1988, da aka jibge dubban durorin shara mai guba daga Italiya a garin Koko, wanda yanzu yake Jihar Delta, ɗaliban Nijeriya da suke karatu a Italiya ne suka tsegunta wa jaridunmu. Wannan ne ya sa gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekara.

6. WAHALA DA JARABA

Ba zan ɓoye muku ba, hanyar tana da ƙaya. Albashin malami ba ya sa mutum ya yi arziki. Sa'o'insa da suka shiga kasuwa za su riga shi gina gida. Akwai yajin aiki: a 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas a rufe. Akwai rashin wutar lantarki, da na'urar da ta lalace babu kayan gyara, da ɗalibin da zai biya kuɗin gwaji daga aljihunsa.

Akwai kuma jaraba. Ɗalibi zai iya zama a ɗaki ya ƙaga lambobi ba tare da ya je bakin kogi ba. Malami zai iya sayar da maki. Mai kuɗi zai iya cewa a sassauta sakamako don kada a rufe masa masana'anta. Littafin Karin Magana ya yi ta nanata cewa Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin zalunci. Mudun algus a kasuwa yana cutar mutum ɗaya, amma lambar ƙarya a takardar gwaji tana iya kashe gari. A Amurka an yi wani masani, Clair Patterson, wanda a 1965 ya nuna yadda dalma, har da wadda ake sa wa man fetur, ta cika iska da jikin mutane. Ya rasa tallafin bincike saboda wannan, amma bai janye ba. Ya rasu a 1995, sai a 2021 aka daina sayar da fetur mai dalma na motoci a duniya duka. Irin wannan aiki yana bukatar mai tsoron Allah fiye da tsoron mutum. Ashe, ba irin 'ya'yan da muke cewa muna reno ke nan ba?

Na kuma san abin da yake zuciyar waɗansunku. Za ku ce sunan yaronmu kaɗai yakan zama masa cikas wajen neman takardar shaidar ɗan ƙasa, ko gurbin karatu, ko tallafi. Na raka iyaye ofis-ofis, na ga wannan da idona. Amma ku tuna da Daniyel da abokansa, 'yan tsiraru a Babila, waɗanda suka koyi ilimin ƙasar har suka yi fice, ba su kuwa rabu da Allahnsu ba. Mu ma mun fi su dalili, gama mu ba baƙi ba ne, kakanninmu suna kwance a wannan ƙasa. Guba ba ta tambayar addinin yaro kafin ta shiga jininsa. Ranar da 'yarmu ta auna rijiyar gari ta ceci 'ya'yan liman da na fasto, ta yi shaidar da ta fi wa'azina na shekara guda.

7. ABIN DA YA KAMATA IKKILISIYA TA YI

Na ɗaya, kowace ikkilisiya ta san 'ya'yanta masu ƙoƙari a lissafi da kimiyya tun daga ƙaramar sakandare. Dattawa su riƙa duba sakamakonsu kamar yadda suke duba littafin baiko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, mu kafa asusun karatu a matakin gunduma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan kowane magidanci ya ware kwano ɗaya na wake ko gyaɗa ranar godiyar kaka, ikkilisiyoyi goma za su iya riƙe ɗalibi ɗaya. A rubuta komai, a karanta rahoto a gaban jama'a.

Na uku, kada mu cire 'yan mata. Su ne suke ɗebo ruwa, su ne suke dafa abinci, su ne suke renon jarirai. Wa ya fi su cancantar sanin abin da yake ciki? Iyaye maza, aure ba zai gudu ba.

Na huɗu, mu yi haƙuri da mai dogon karatu. Mu daina tambayarsa, "Kai har yanzu ba ka gama ba?" Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyar, ku matasa, idan Allah ya ɗaga ku, kada ku manta da ƙauye. Sa'ad da za ku zaɓi abin da za ku yi bincike a kai, ku tuna da rijiyoyinmu, da gonakinmu, da rumbunanmu. Ku kuma dawo ku gaya mana abin da kuka gani.

Na shida, tun kafin mu sami masanin namu, mu yi abin da muka riga muka sani. A nisanta masai da rijiya. A daina zuba abinci ko ruwa a jarkar maganin feshi. A busar da gyaɗa da masara sosai, a zubar da mai fumfuna. A daina sa wa jarirai kwallin dutse. Idan kuma ciwo ya ɓarke a unguwa, a yi addu'a, a kai rahoto asibiti, a auna ruwa. Kada bakin mai bi ya ƙara kiran sunan wani da maita.

KAMMALAWA

Iyayena da 'yan'uwana, Allah ya sa Adamu a gonar Aidan domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Noman mun iya, duniya ta shaida. Kiyayewar ce yanzu take bukatar ilimin da kakanninmu ba su bukace shi ba. Har yau ina ajiye da takardar nan ta gwajin rijiya a cikin Littafina Mai Tsarki. Addu'ata ita ce, kafin Ubangiji ya kira ni gida, in ga ɗa ko 'ya daga cikin waɗannan ikkilisiyoyi da zan miƙa wa ita, ya karanta mini.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba Mahalicci, kai ka ba mu ƙasa da ruwa. Ka gafarta mana inda muka ɓata su, da inda muka zargi marasa laifi. Ka ta da masu tsaro daga cikin 'ya'yanmu, ka ba su basira, da haƙuri, da gaskiya. Ka buɗe musu ƙofofin da suke rufe, ka sa su zama albarka ga dukan maƙwabtanmu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.